Robobin da Injiniya Ya Cire

Ƙarfe ɗaya na rana Guguwa ke tashi daga gidan burodi, kuma kafin ɗaya da rabi yana zaune a shagon gem na Injiniya, da fulawa a girarsa da cikin farcensa. Tun asuba yake tsaye a kan kwaɓi, ya murza, ya yanka, ya jera a gwangwani, har kafaɗunsa su koma kamar na aro. Duk da haka ƙafarsa ba ta san hanyar gida ba sai ta biya ta shagon.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai fanka guda, da talabijin huɗu a jikin bango, da benci biyu da suka sha zama har suka yi santsi. Talabijin uku na 'yan ƙwallo ne. Ta huɗun, wadda ke lungu kusa da teburin da Injiniya ke gyaran rediyo, ita ce ta 'yan faɗa: mutum biyu, kowa da hannun gem ɗinsa, kowa da gwarzonsa a kan allo, a yi ta dukan juna har jinin ɗaya ya ƙare ko lokaci ya cika. A nan ya samo sunansa. Da an ce a fara sai ya afka wa mutum, naushi, ƙafa, tsalle, naushi, ba numfashi. Baƙo bai taɓa kai rabin minti a gabansa ba.

Sai dai duk shekara shagon kan zaɓi mutum ɗaya ya tura babbar gasa, kuma shekara uku ke nan Likita ke tafiya. Likita ba likita ba ne, a shagon sayar da magani yake aiki, kuma ranar Juma'a kawai yake samun zuwa. Zai zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya tare duk abin da Guguwa ya kawo, ya jira ya yi ɓari, ya ɗana masa biyu masu kyau, ya koma ya jira. Idan ya kai shi ƙasa kuwa, ya san abin da zai biyo baya. Guguwa bai taɓa tashi daga ƙasa salin-alin ba, sai da wani wawan naushi da ke tafiya da shi sama. Likita sai ya ɗan matsa, naushin ya daki iska, shi kuma ya tarbe shi a hanyar saukowa. Shekara uku, rami ɗaya.

Ranar Lahadi Guguwa ya koma gida ya tarar da Yaya tana guga a tsakar gida. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta yake kwana.

"Auta, Maigida, mai gidan burodinku, ya tare ni a hanya," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ya ce tsohon da ke kula da tanderu zai ajiye aiki, idonsa ya gaji. Ya ce kai ya fara yi wa magana, ka ce za ka yi tunani."

"Ina kan tunanin."

"Mako biyu? Ko minista ai ya gama."

"Yaya, aikin tanderu daga asuba ne har faɗuwar rana. In na karɓa, shi ke nan, ba ni ba shago."

"To ai shi ne."

Ya zauna a bakin rijiya yana kankare fulawar farcensa da tsinke. Ta juya rigar, ta yayyafa mata ruwa.

"Shekararka ashirin da shida. Da ka bar makaranta ka ce gem ne zai fitar da kai, na ce to. Bara ka ce bana. Bana me za ka ce? Ni fa ba na ƙin abin da kake so, gajiya na yi da ganin ka kana barci a zaune da cokali a hannu."

"Juma'a ne zaɓen," ya ce. "In Likita ya sake cinye ni, Asabar da asuba zan ce wa Maigida na karɓa. Ba sai kin sake magana ba."

Ta ajiye dutsen gugar, ta dube shi. "Da bakinka ka faɗa."

"Da bakina."

Washegari ya kai wa Injiniya hannun gem ɗinsa, don maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa. Tsohon hannu ne, na hannu ya saye shi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma bai taɓa yarda ya yi wasa da wani ba. Injiniya ya kwance shi, ya hure ƙurar ciki, ya sa tabarau, ya yi ta taɓa nan da can da wasu wayoyi biyu. Can ya tsaya.

"Kai, tun yaushe wannan ya mutu?"

"Wanne?"

"Maɓallin tarewa. Na nan sama, inda manuniyarka ke kwanciya."

"Au, da ma yana da rai?"

Injiniya ya cire tabarau ya dube shi. "Wayarsa ta tsinke, har ta yi tsatsa. Wannan tsinkewar ta girmi shagon nan."

Guguwa ya tuna farkon koyonsa: ya danna abin, aka doke shi, ya sake dannawa, aka sake dukansa, sai ya yanke cewa tarewa zancen banza ne, wanda ya riga kai duka shi ke da gaskiya. Shekara goma sha biyu ya gina wasansa a kan wata 'yar waya da ba ta kai tsawon farce ba. Ya so ya yi dariya, ƙarfin yin ta ne babu.

Injiniya ya liƙe wayar da dalma. Sannan, maimakon ya rufe, sai ya ɗauki ɗan hantsaki ya zare robobin nan huɗu da ke ƙarƙashin maɓallan duka, biyu na naushi, biyu na ƙafa. Ya zuba su a kwalin ashana, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Oga, me ke nan?"

"Kwana huɗu gare ka. In na bar maka su, yatsan nan naka ba zai ji magana ba. Daga yau har Alhamis ba ka da naushi, ba ka da ƙafa. Tafiya da tarewa kawai. In ka kai ƙarshen lokaci da sauran jini, ka ci."

"Wannan ai ba wasa ba ne, horo ne."

"Da me ka zata?"

Kafin la'asar labari ya zaga layin: Guguwa ba ya iya ramawa. Duk wanda ya taɓa shan kashi a hannunsa ya zo karɓar fansa, har 'yan ƙwallo suka bar ƙwallonsu suka shiga layi. Dogo, wani tela mai baki kamar reza, shi ya fara zama.

"Yau Allah ya kama ka, mai burodi. Zan murza ka yadda kake murza kwaɓi."

Ya murza shi kuwa. Babban yatsan Guguwa ya yi ta danna maɓallan da babu komai a ƙarƙashinsu, suna lotsewa shiru, gwarzonsa na tsaye a allo kamar an dasa shi ana ta zuba masa. Injiniya bai ko juyo daga rediyon da yake gyarawa ba.

"Ina jin ƙarar yatsanka daga nan. Bar shi ya kwanta. Daina kallon mutuminka, ai ka san inda yake. Kalli kafaɗar wancan."

Ranar Talata ya gane cewa tarewa iri biyu ce: dukan sama a tsaye ake tare shi, na ƙasa sai an tsuguna, kuma wanda ya tsuguna ya daɗe za a sauke masa a ka. Ranar Laraba ya fara ganin abin da bai taɓa gani ba. Dogo yakan ɗan ja baya kafin ya share ƙafa. Wani mai gyaran babur ba ya tsalle sai an matse shi a lungu. Kowa da alamarsa, kamar yadda kwaɓi ke nuna ya tashi tun kafin a taɓa shi. Shekarun nan duk yana ta zuba duka, bai taɓa tsayawa ya kalli mutum ba.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tashi daga ƙasa. Da gwarzonsa ya faɗi, yatsan sai ya zabura da kansa ya nemi naushin nan na sama. Injiniya ya samo wata 'yar rula, ya tsaya a bayansa. Duk zaburar da yatsan ya yi, sai ya ji ƙwas a kan gaɓa.

"Tashi kawai. Tashi ka tare. Ba a biyan kowa ladan tashi da ihu."

"Oga, yatsan nan da shi nake cin abinci."

"Da sauran tara."

Zuwa Alhamis gaɓar ta kumbura, manuniyarsa ta yi kanta saboda matse maɓalli ɗaya. A wurin aiki sau biyu Maigida na kama shi ya tsaya da wuƙar yanka kwaɓi a hannu, ido a buɗe, hankali ba ya nan. Amma a ranar mutum bakwai suka zauna da shi a jere, babu wanda ya iya ƙarar da jininsa kafin lokaci ya cika. Dogo ya ajiye hannun gem ya yi tsaki.

"Wannan ai dukan bango ne. Ni hannuna ya gaji."

Abu ɗaya ne babu wanda ya yi masa a kwana huɗun, kuma babu wanda ya lura ba a yi ba. A wasan akwai kamu: ka matso jikin mutum, ka cafke shi, ka buga da ƙasa, kuma tarewa ba ta hana shi. Amma a shagon Injiniya kamu abin kunya ne. Ba wanda ya rubuta dokar, haka kowa ya taso ya tarar. In ka kama mutum, za a yi maka ihu a ce ka rasa abin yi, kuma sai ka tsaya ya rama duka ɗaya kyauta kafin a ci gaba. Don haka mutum zai yi shekara a lungun nan bai ga an kama kowa ba.

Ranar Juma'a da la'asar shagon ya cika har bakin ƙofa, fankar na juya zafi kawai. Injiniya ya fito da kwalin ashana, ya mayar da robobin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya miƙa masa. Likita ya iso da farar rigarsa ta aiki a kafaɗa, yana warin magani.

"Mai burodi, an ce ka shiga makaranta."

"An ce."

"To Allah ya ba da sa'a. Wanda ya fara cin turmi uku, ko?"

Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka fara. Likita ya ja baya yana jiran guguwar da ya saba, guguwa ba ta zo ba. Gwaraza biyu suka tsaya suna kallon juna, lokaci na tafiya, har wani daga baya ya ce ko talabijin ɗin ce ta sandare. Dole Likita ya matso ya kawo duka. Guguwa ya tare na sama, ya tsuguna ya tare na ƙasa, ya ga hannun ya wuce ya bar haƙarƙari a buɗe, ya sa naushi biyu ya koma. Haka har lokaci ya cika, jininsa ya fi yawa. Turmi ɗaya.

A na biyu Likita ya kai shi ƙasa, ya ɗan matsa baya yadda ya saba, yana jiran naushin sama. Guguwa ya tashi kawai, ya tare. Shagon ya ɗauki sowa, Dogo na dukan benci. Likita ya yi ɓari sau biyu don haushi, Guguwa ya karɓi duka biyun. Turmi biyu.

Sai Likita ya sauke ƙafarsa ƙasa. Ya gyara zama, ya goge tafin hannunsa a wando.

Da aka fara na uku ya tako a hankali, bai kai duka ba, har ya zo jikin gwarzon Guguwa da ke tsaye a ƙame yana tarewa. Ya cafke shi, ya buga da ƙasa.

"Kai! Kamu!" in ji Dogo. "Likita, ba ka da kunya? Tsaya ya rama!"

"A gasa ba mai tsayawa," in ji Likita, idonsa na kan allo. "Can kamu ake yi kamar ba gobe. In ya je haka, a turmin farko za su ninke shi su aiko mana da shi."

Ya sake takowa, ya sake kamawa. Guguwa ya matse maɓallin tarewa har farcensa ya yi fari, aka sake ɗaga shi. Shekara uku Likita bai taɓa kama shi ba, don bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba balle a kama shi. Turmin ya tafi.

Injiniya ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Ana kuɓucewa. Da ka ga ya buɗe hannu, danna naushi da ƙafa tare." Sai hannunsa ya tafi aljihun da kwalin ashana ke ciki. "Naushi da ƙafa," ya sake faɗa a hankali, shi da kansa. Maɓallan da ya kashe ke nan kwana huɗu.

Turmi na huɗu Guguwa ya gwada. Sau ɗaya ya makara, sau ɗaya ya yi gaggawa ya saki tarewa, aka share masa ƙafa. Biyu da biyu.

A na ƙarshe ya daina tunani, ya koma ja da baya, yana hana Likita matsowa da ɗan gajeren naushi. Suka yi ta cin jinin juna kaɗan-kaɗan har kowa ya rage da abin da bai kai faɗin tsinke ba. Saura daƙiƙa shida Likita ya share shi, ya faɗi a lungu.

Ya ga komai, tas. Likita bai matsa baya ba wannan karon, ya daina tsoron naushin sama, don tun da aka zauna bai gan shi ba. Takowa yake yi, kafaɗar gwarzonsa ta ɗan sauka, hannuwa za su buɗe. Mai shirin kamu ba ya tarewa. Wawan naushin nan da ya kashe shi shekara uku, yau shi ne amsa, kuma Guguwa ya sani har cikin ƙashinsa. Ya ce wa yatsan, yanzu.

Yatsan na kwance a kan maɓalli, da kumburinsa, bai motsa ba. Manuniya ce ta matse nata. Gwarzon ya tashi salin-alin, ya tare, aka ɗaga shi sama, aka buga da ƙasa, jininsa ya ƙare.

Ba wanda ya yi ihu sosai. 'Yan ƙwallo suka koma ƙwallonsu. Likita ya miƙo masa hannu.

"Wallahi na yi gumi. Da ka saki naushin nan, da yanzu kai ake ɗagawa a kafaɗa."

"Na sani."

"Wata ɗaya ka ƙara a haka, ni ba zan iya da kai ba. Baɗi taka ce."

Guguwa ya gyaɗa kai kawai, yana naɗe wayar hannun gem ɗinsa. Injiniya ya biyo shi har bakin ƙofa, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Laifina ne. Na toshe ƙofa na manta da taga."

"Oga, ba kai ka riƙe min yatsa ba."

"Ni na doke shi da rula."

"To ya ji magana," in ji Guguwa. "Ba abin da ka ce ke nan ba?"

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Yaya na kwashe shanya, ta dube shi sau ɗaya, ba ta tambaya ba. Ya shiga ɗaki ya rataye hannun gem ɗin a ƙusar da yake rataye hula, ya zauna a bakin katifa yana kwance igiyar takalmi. Ta zo ta tsaya a ƙofa da kaya a kafaɗa.

"Da yawa aka ci ka?"

"Da kaɗan."

"Ya fi ciwo." Ta gyara kayan da ke kafaɗarta. "Auta, in kana so in ce wa Maigida ya ƙara maka mako ɗaya..."

"Gasar shekara-shekara ce, Yaya. Mako ba zai yi komai ba. Kuma da bakina na faɗa."

Ta tafi ɗauko masa abinci. Kafin ta dawo ya kife a katifa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Asabar da asuba ya sami Maigida yana ƙirga buhunan fulawa, ya ce masa ya karɓa. Maigida ya ce madalla, ya haɗa shi da tsohon mai tanderu ya nuna masa aiki kafin ya tafi. Tsohon ba mai yawan magana ba ne. Ya nuna masa inda wuta ta fi ƙarfi, da lungun da ke ƙona gefen burodi, da dogon cebur ɗin da ake zaro gwangwani da shi.

Ƙarfe ɗaya 'yan kwaɓi suka wanke hannu suka fara fita. Guguwa bai san lokacin da ya cire ƙyallen gabansa ba, sai ganin kansa ya yi a bakin ƙofa, rana na dukan fuskarsa. Daga nan ana hango kwanar da ake bi a je shagon.

"Ɗan nan," in ji tsohon daga ciki, "zubi na uku na ciki fa."

Ya dawo ya ɗaura ƙyallen. Ya kai hannu ga murfin tanderu.

"Kar ka buɗe. Bai yi ba. In ka buɗe yanzu zai faɗa."

"Yaushe zan san ya yi?"

"Za ka ji ƙamshin ya canza. Zauna."

Ya kifa wani tsohon gwangwani ya zauna a kai, zafi na dukan ƙaurinsa. Manuniyarsa na zugi. Ya sa ta a baki ya ɗan tsotsa, ya ji gishiri da fulawa, ya jingina kansa da bango yana jiran ƙamshin.